Aljihun Rigar Takwarana

Kai Nasiru, kashe injin nan tukuna, kunnena ya gaji. Ɗazu na ji kana ce wa abokinka wai ɗinkin hannu aikin marasa abin yi ne, mutum ya sami gindin bishiya ya yi ta soka allura har la'asar. Ban tanka maka ba don akwai baƙo a shago. To, baƙo ya tafi. Ku matso dukanku, har kai mai guga. Jawo mini akwatin ƙarfen can da ke ƙarƙashin tebur, amma kada ka buɗe sai na ce.

Ni ba a nan Bagudo na koyi sana'a ba. A Illo na koya, a zauren kawuna Baba Gado, tun Turawa ba su fara ɗaure kaya ba. Ku da kuke zuwa yau, gobe a ɗora ku kan keken ɗinki, ba za ku gane ba. Na daɗe a zauren nan ban taɓa allura ba. Aikina warware zare da naɗe shi a kara, sai wankin hannu. Wallahi wankin hannu sai da aka koya mini shi, don farar riga ba ta yafe gumi. Kayan aikinmu duka ba su cika tafin hannu biyu ba: allurai manya da ƙanana a cikin ɗan gora mai murfi, almakashin da maƙerin unguwa ya ƙera, alƙalamin kara da tawada na zane, sai 'yar fatar da ake ɗaura wa yatsa don kada allura ta huda shi. Ranar da Baba Gado ya fara ba ni ƙyalle, na yi ɗinkin da na ga ya yi kyau, na kai masa ina jin kaina. Ko kallon fuskar ɗinkin bai yi ba. Ya juya bayansa, ya ga ƙulle-ƙullen zare, ya miƙo mini almakashi ya ce, "Kwance. Mai riga bayan ɗinki ne ka taɓa mai jiki, ba gaba ba."

Ku riƙe wannan, don a kansa labarin yake. A gidanmu babbar riga kashi biyu ce, jiki da aljihu. Aljihu shi ne faffaɗan ƙyallen nan na ƙirji, wanda manyan zane suke kai, dogayen nan masu tsini da ake kira aska. Daban ake ɗinka shi a kan gwiwa, wata da watanni. In an gama, sai mai riga ya zo da kansa, ya sa jikin rigar ya tsaya, a ɗora aljihun a ƙirjinsa, a sa alama da gawayi. Sai ya tuɓe, don ba a soka allura a riga tana jikin mai rai, sannan a haɗa. Akwai wani falke Badande, cikin mutanen bakin gulbi, da ya ce shi ba shi da lokacin tsayuwa, a haɗa masa kawai. Baba Gado ya ƙi. Da mutumin ya gaji ya zo yana ta mita, ashe kafaɗarsa ta dama ta sauka saboda tuƙin kwale-kwale tun yana yaro. Da an haɗa ba ya nan, da askar rigarsa ta karkace tana kallon hammata. Haka muke yi wa kowa, dillalan shanu da fatake da mutanen hakimi, ba wanda ya fi ƙarfin tsayuwa.

Wata rana da hantsi ina zaune ina yi wa wata riga bakin wuya, sai inuwa ta rufe ƙofar zaure. Baturen shanu ne, likitan da ke bin rugage yana yi wa dabbobi allura. Dogo ne, jan gashi, hancinsa kullum a saɓule saboda rana. Ya shigo da jakar kakinsa da ƙaho ya yaga. Hausarsa ta Fulani ce, don a wurinsu ya koya, in ya yi magana sai ka waiwaya kana neman makiyayi. Na ɗinke jakar yana tsugune yana kallon hannuna. Ya ce, "Mi sunanka?" Na ce Mika'ilu. Sai ya buga ƙirji ya ce shi ma sunansa ke nan, a bakinsu Maikel. Baba Gado ya ce a'a, yaushe Nasara ya sami sunan mala'ika? Bature ya ce ai su ma mala'ikan suka bi. Aka aika wurin liman, liman ya ce haka ne. Daga ranar ban ƙara kiransa Likita ba, shi ma bai ƙara kiran sunana ba. Takwara, Takwara, har kasuwa ta ɗauka.

Kun san haƙƙin takwara, ko kuwa shi ma injin ya cinye? In Baturen nan ya dawo daga daji sai ya biyo da ƙwaryar man shanu ya ce ta takwara ce. Ni kuma maɓallinsa ba ya tsinkewa ya kwana. Yakan zauna a kan buzu da la'asar, ya miƙe dogayen ƙafafun nan har waje, yana cewa ni da shi sana'armu ɗaya, kowa allura yake ci da ita.

A irin wannan zama ne ya ba mu labarin da ya sa Baba Gado ya ajiye ɗinki. Ya ce shi ba Ingilishi ba ne, mutumin wata ƙasa ce da ake kira Ailan, kuma su ma Ingilishi sun mulke su, sun karɓi gonakinsu, sai da aka sha wuya kafin su sami kansu. Baba Gado ya riƙe baki ya ce, "Bature ya mulki Bature? To su kuma mi suka yi musu?" Takwara ya yi dariya har da hawaye. Ya ce a gidansu sunan Maikel gado ne, kuma a bangon ɗakin tsohuwarsa akwai hotuna uku, duka masu sunan. Na farko kakansa ne, lauya, da baƙar riga da hular gashi, wanda ya ƙare rayuwarsa yana tsaya wa talakawan da ake kora daga gonakin haya. Na biyu ƙanen ubansa ne, soja mai anini a kafaɗa, wanda ya fara da yi wa Ingilishi aikin soja a ƙasashen waje, ya dawo gida ya juya musu bindiga. Na uku ɗan wan ubansa ne, ɗan majalisa, mai bakin da in ya hau mumbari kasuwa take watsewa a zo saurare. Ya ce a garinsu in ka ambaci sunan sai a tambaye ka wanne, na kotu, na bariki, ko na majalisa.

Na ce, "To kai fa, Takwara, ina naka hoton?"

Ya murza hularsa. Ya ce kowannensu da rigar girmansa ya hau bango, shi kuwa da me zai hau, da gajeren wando da kashin shanu a takalmi? Ya ce tsohuwarsa in ana lissafin masu sunan, a na uku take tsayawa, in aka ce ina ɗanki sai ta ce yana can yana bin wutsiyar saniya. Da dariya ya faɗa, amma ni da nake kusa na ga dariyar ba ta kai ido ba. Abin ya tsaya mini a rai. Mutumin da ya kwana a rugage yana ceton dukiyar bayin Allah, a ce ba shi da wuri a bangon uwarsa!

Ni na kawo maganar riga. Ya ce to, a yi masa 'yar mai sauƙi a keke, akwai wani tela a bakin kasuwa. Na ce Allah ya kiyaye, takwarana ba zai tsaya kusa da lauya da soja da ɗan majalisa da ɗinkin keke ba. Aska takwas za a yi, da tambari a baya, irin wadda in mutum ya shigo taro ake matsa masa. Baba Gado ya ce wannan ita ce rigar da zan fita da ita daga hannunsa, in na gama ta na zama maɗinki. Abu ɗaya Takwara ya roƙa, a yi ɗinkin da koren zare, don kore ne launin ƙasarsu. Mu da fari da ruwan tsamiya muka saba, amma aka ce a yi masa.

Koren da ya yi wa Baba Gado, wanda ba ya zuba in an wanke, a wuri ɗaya ake samunsa, wani kanti a hayin Faransa, ƙasar da ake kira Dahome a lokacin, Binin ɗinku ta yau. Da ƙafa na je na sayo. A zamanin nan iyaka ba ta wuce wata tsamiya da kowa ya sani ba, ka gaisa da ɗan sandan da ke gyangyaɗi a gindinta ka wuce. Na sayo abin da na samu, mai kanti ya ce wani na tafe. Baba Gado ya yi zane da hannunsa, ni na zauna. Na gama tambarin baya, na gama wuya, na ɗauki aljihu. Ku da inji ke yi muku aska kafin shayi ya huce, ku sani kowace aska ɗaya ƙananan idanu ne ake ɗinkawa ɗaya bayan ɗaya, kowanne a huda a zagaye, kuma in ɗaya ya fi ɗan'uwansa girma daga nesa ake gani. Takwara yakan leƙo ya ce, "Yau ina muka kai?" in nuna masa ɗan abin da bai kai faɗin yatsa biyu ba, ya dafa kai ya ce shanu dubu sun fi wannan sauƙi.

Sai shekarar mulkin kai ta zo. Ku a makaranta an ce muku shekarar murna ce, kuma murna ce, ni ma na yi rawa. Amma a zaurenmu ba mu taɓa ganin shekara irinta ba. Da farko ciwon bushiya ya faɗa wa shanu ta wajen iyaka. In shanu suka faɗi, dillali ba ya ɗinka riga, mahauci ba ya yi, mai goro ma sai ya sa tsohuwa. Muka koma facin wando da ɗinkin buhu don a sami na tuwo. Takwara kuwa ba ya ko kwana a gari, in ya shigo sai ka ga ya rame, ido ya faɗa. Ana cikin haka sai wani ɗan kwangila ya bi kasuwanni yana kwashe duk wani koren yadi da koren zare, za a yi tutocin da 'yan makaranta za su riƙe ranar mulkin kai. Zarena ya ƙare ina da aska biyar, saura uku.

Na koma hayi. Su ma sun karɓi ƙasarsu, sun kafa sanda a hanya, ga 'yan duwan, wato kwastan ɗinsu, da sababbin kaki, kowa na son a san yana aiki. Hanyar da nake bi tun ina goye, yau ana tambayata ina za ni. Da ƙyar na isa kantin, na tarar da shi a rufe, an ce mai shi ya tattara ya koma bakin teku. Na bi kasuwar Bagudo, na je Zagga, na ba fatake masu zuwa Jega saƙo. Kowa ya kawo kore, amma kore iri-iri ne. Na sami wani da na ga ya yi kusa, na kawo wa Baba Gado. Ya fita da shi rana, ya kara da na aljihun, ya ce, "Wanga ɗanyen haki ne, wancan ganyen ɗorawa. Ba su zama gida guda." Na ce Baba, can ƙasarsu wa zai gane? Ya ce, "Kai ka gane. Shi ma in ya tsufa yana kallonta zai gane." Na san gaskiya ya faɗa, kuma ko yau aka kawo mini zaren nan ba zan sa shi ba.

Bayan an sauke tutar Turawa da 'yan watanni, Takwara ya shigo zaure bai zauna a buzunsa ba. Ya ce tsohuwarsa ba lafiya, an ba shi hutu, zai tafi cikin makon. Ya ce a ba shi rigar yadda take. Baba Gado ya ce jiki ya gamu, yana iya ɗauka, amma aljihu mai aska biyar ba ya fita daga zaurensa. Takwara ya ce to in an gama a aika masa ta gidan waya. Na ce, "Wa zai ɗora maka a can? Wa zai duba kafaɗarka? Sai ka zo ka tsaya." Ya dube ni, ya dubi ƙyallen da ke kan gwiwata, ya ce, "Ashe kun ɗaure ni ke nan, Takwara." Na ce eh, mun ɗaure ka. Kuma har ga Allah na ji daɗin hakan a ranar. A saninmu duk wanda ya bar kayansa a gidanka zai dawo. Falke na shekara uku a Gwanja ya dawo ya tambayi tabarmarsa. Ba mu san akwai tafiyar da ba a dawowa ba sai ta lahira.

Ranar tafiya na raka shi har bakin gulbi, inda ake fito da motoci, don a lokacin babu gada. Kafin a tura jirgi ya ciro rigar ya zura a kan kakinsa. Ta zauna masa, wallahi ta zauna, tsawon nan nasa kamar don ita aka yi shi. In ya juya baya, ga tambari kore shar, masunta har suna barin taru suna kallo. In ya juyo gaba, ƙirji fari fat, ba komai. Ya ba direbansa na'urar hoto ya ce a ɗauke mu tare. Na ce a'a, kada a ɗauki rigar da ba a gama ba. Ya ce wannan na hanya ne kawai, na bango sai an ɗora aljihu. Ya kama hannuna da hannu biyu yadda muke yi, ya ce, "Ka nemi zaren, ina nan tafe bayan damina." Ina tsaye har jirgin ya kai tsakiyar ruwa, ina hango farar riga iska na kaɗa ta.

Zaren ya samu. Wani alhaji ne da ya biyo ta Yamai ya zo da shi cikin tsarabarsa, bai ma san abin da ya riƙo ba. Baba Gado ya fita da shi rana, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Shi ne." Na zauna na cika aska uku ɗin nan, kuma ban taɓa ɗinki mai kyansu ba, kafin su ko bayansu. Baba Gado ya juya baya ya shafa, bai ce a kwance ko ɗaya ba. Ya ce na zama maɗinki. Na ce da saura, Baba, ba a ɗora ba.

Damina ta wuce, wata ta wuce. Aka kawo sabon likitan shanu, ɗan ƙasa, mutumin kirki daga wajen Zariya, kuma daidai ne, ai don haka aka karɓi ƙasar. Na tambaye shi labarin wanda ya gada, ya ce a ofis an ce ba a sabunta aikinsa ba, iyakar abin da ya sani ke nan. Duk motar gwamnati da ta tsaya a Illo sai na ajiye allura na leƙa. Baba Gado ya rasu, kekuna suka cika gari, masu son ɗinkin hannu suka yi ta raguwa, na taso na dawo Bagudo na sayi keke ni ma, don iyali ba sa cin aska takwas. Na yi wa alƙalai riguna, na yi wa sojojin da suka yi ritaya, 'yan siyasa kuwa ba adadi, kowane zaɓe da sababbin kafaɗu. In ina gwada su sai in tuna da bangon nan da ban taɓa gani ba. Ko tsohuwar ta ga ɗanta a cikin rigar? Ko ya hau bango da farin ƙirji, ko kuwa yana can yana jira kamar yadda nake jira? Ban sani ba. Ina kewar mutumin nan, yara. Na binne 'yan'uwa da abokai, na haƙura da su don na ga kabarinsu. Shi kuwa ban ga komai ba, sai in ji kamar gobe zai toshe ƙofar shago da tsawonsa.

To, buɗe akwatin, Nasiru. A hankali, ɗaga farin ƙyallen. Wanke hannunka tukuna, ja'iri! Yauwa. Kai aljihun bakin ƙofa inda haske yake. Nuna mini inda aska ta biyar ta ƙare, ta shida ta fara. Ba za ka iya ba, ba kuma wanda zai iya. Juya bayansa ka shafa. Wani ɗan takara ya taɓa ganinsa ya nace sai an ɗora masa a rigar kamfe, na ce wannan yana da mai shi.

Na san lissafi, ba ruɗewa na yi ba. Ya girme ni, ni kuwa ga yadda na koma. Amma a gidansu sunan gado ne, ba a rasa wani Maikel. Wata rana wani dogo mai jan gashi zai iya sauka a tashar nan da tsohuwar farar riga a jaka, yana tambayar inda Mika'ilu maɗinki yake. In na riga na tafi, kada ku ce masa ba ku san zancen ba. Ku sa masa rigar, ku tsayar da shi, ku dubi kafaɗarsa da kyau, ku sa alama da gawayi, ya tuɓe, sannan a haɗa. Kuma da hannu za a haɗa shi, inji ba zai taɓa shi ba. Ni idona ba ya ganin kafar allura yanzu, ko yau ya shigo ba zan iya ba.

Saboda haka mayar da shi, rufe akwatin. Ɗauko wancan guntun ƙyalle, ga 'yar fata, ɗaura a yatsanka. Ungo allura, zauna nan kusa da ni.